Kwana Tara Ina Neman Abin Faɗa

Abubuwa da yawa sun same ni a zaman Landan waɗanda yanzu ko an tuna mini sai na yi da gaske nake gano su, amma wannan guda ɗaya, ko tsufa ya kwashe mini komai na san shi zai bari. A idon mutane ba wani abu ba ne. Ba wanda ya kama ni da laifi, ba wanda ya ɗaga mini murya. Matakalar bene ɗaya ce tak na kasa hawa har kwana tara, alhali kullum ina durƙushe a coci ina roƙon Allah ya nuna mini hanya.

Ni Bahaushiya ce 'yar Katolika, abin da har yau idan na faɗa a nan sai wasu sun sake kallona. Mahaifina katikis ne a wani ƙauye can kudancin Katsina, shi ke koyar da addini da jagorantar addu'a ranar da Fada bai zo ba. A gidanmu addu'a tana da tsari kamar faretin soja, kuma ni ce na fi kowa gado shi a wannan taurin. Aikin jinya ne ya kawo ni Ingila. Maigidana ya rasu, yarana biyu sun girma sun kama gabansu, na rage ni kaɗai a hawa na uku na wani dogon bene a Woolwich, ina sammako in tafi asibitin da nake aiki a Camberwell.

A cikin lif na fara haɗuwa da tsohuwar da zan ba ku labarinta. Na dawo daga kasuwa niƙi-niƙi da kaya, waya a maƙale a kafaɗa, ina yi wa ƙanwata faɗa da Hausa. Sai na ji an damƙe mini hannu. Na waiga na ga wata tsohuwa cikin lulluɓi irin na matan Sudan, tafin hannunta baƙi ƙirin da lalle, idonta ya kawo ruwa. Ta ce, "Ke, 'yar wace ƙasa ce? Sake faɗa in ji!" Ashe Bahaushiya ce ita ma. Kakanninta ne suka taso daga ƙasar Kano a ƙafa za su Makka, suka yada zango a bakin kogi a Sudan, zangon ya zama gari. Ta zo Landan ne wankan jegon 'yarta da ke hawa na huɗu, daidai saman kaina, da niyyar wata uku ta koma.

Tun daga ranar na zama 'yarta, ita kuma Inna. A gidan babu mai yi mata Hausa yadda take so. 'Yarta tana ji, amma Larabci da Turanci sun fi sauƙi a bakinta, mijin 'yar ba Bahaushe ba ne, jikoki kuwa ko da wane yare ta kira su da Turanci suke amsawa. Idan na taso daga aiki sai in hau wurinta, ta dafa mana gahawa da citta a 'yan ƙananan kofuna, ni kuma in kai mata miyar kuka, ta lashe hannu tana cewa rabonta da ita tun tana budurwa. Hausarta tsohuwa ce, akwai kalmomin da a bakin kakata kawai na taɓa jin su. Tsokana kuwa ba a magana. Takan kama gicciyen da ke wuyana ta ce, "Bahaushiya da wannan abu! Wa ya ɓatar mana da ke?" Ni kuma in ce, "Inna, ku da kuka kama hanyar Makka kuka zauna a rabi, ku ne za ku yi wa wani maganar ɓata?" Sai ta yi ta dariya har tari ya sarƙe ta.

Ba ta cika wata biyu ba aka bugo mini waya wata safiya cewa 'yan bindiga sun shiga ƙauyenmu, sun ƙone rumbuna, sun kashe kawuna a gona tare da wasu. Ranar lif ɗin ya lalace. Inna, da ciwon gwiwa, ta dogara sanda ta sauko matakala ɗaya bayan ɗaya, ta shigo ta zauna a ƙasa kusa da ƙafata. Ta ce, "Ya haƙuri, 'yata." Ba ta ƙara komai ba. Haka ta yi kwana uku tana saukowa, ta zauna, in an jima ta miƙo mini ruwa.

Ana saura 'yan kwanaki ta koma gida yaƙi ya ɓarke a ƙasarsu. Wata uku ya zama shekara. Ɗanta na fari, malamin makaranta, ya tura matarsa da yara Masar, shi ya zauna tsaron gida da wasu tsofaffin unguwa da ba za su iya gudu ba. Inna ba ta faɗin sunansa, kunyar ɗan fari irin tamu tana nan daram a wurinta, sai dai ta ce "yayan wannan" tana nuna 'yarta da haɓa. Amma na lura wayarta ba ta barin cinyarta. Idan aka kwana biyu babu saƙon muryarsa, gahawar ranar takan fito ba citta, ko ta fito ba sukari.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, na ga jini har ya daina ba ni tsoro, amma hotunan da ke shigowa wayar nan sun hana ni sakat. Asibiti an mai da shi kango, mata na gudu da yara a kafaɗa, gawa a titi ba mai ɗauka. Abin ya tsaya mini a ƙirji, na rasa inda zan kai shi. Kuma gaskiyar da nake jin kunyar faɗa ita ce, tausayin nan bai zauna tausayi ba, ya riƙiɗe ya zama haushi. A coci ranar Lahadi ana roƙon zaman lafiya ga wannan ƙasa da waccan, ana kiran sunayensu, ban taɓa jin an kira tamu ba. A wurin aiki kowa da ɗan bajon da ya maƙala a riga don wani yaƙi. Sai in riƙa cewa a raina, mu fa? Namu mutanen ba mutane ba ne? Wai kishi nake yi da masu makoki, don nasu makokin ya samu 'yan kallo.

Wata Asabar da la'asar na hau sama a gajiye, ga shi da safen an sake gaya mini an kai hari wani ƙauye kusa da namu. Na tarar da 'yar Inna ta baje kwalayen zanga-zangar adawa da yaƙin a kan tebur tana rubutu da jan alƙalami. Ta ɗago da fara'a ta ce, "Sista, next Saturday akwai march a central London, za ki zo ko? Har na yi miki placard."

Ban san sanda bakina ya buɗe ba. Na ce, "Ni kam ku ƙyale ni. Lokacin da ake yanka namu wa ya fito? Wa ya ɗaga kwali? Yanzu da abin ya zo kanku ne kuka san yaƙi ba daɗi."

'Yar ta tsaya da alƙalami a hannu. Inna ta ajiye kofinta a hankali, ta dube ni, ta ce, "Ni na zo, 'yata."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Maimakon in durƙusa in ce na tuba, sai na suri jakata na fice. Ina da wannan hali tun ina yarinya, idan na yi laifi ba na iya tsayawa a kalle ni. Mako biyu ina wasan ɓuya da su. In na ji muryar jikokin a bakin lif sai in bi ta matakala, in na hango lulluɓinta a ƙofar bene sai in tsaya a shagon kusa ina duba tumatir ɗin da ba zan saya ba.

Ranar wata Litinin na dawo da rana na tarar da ƙofar bene cike da baƙi, maza da farar jallabiya, mata da jajayen idanu. Wata maƙwabciyarmu 'yar Gana, wadda ke ɗakin da ke kallon nawa, ta tare ni ta ce, "Sista, ba ka ji ba? Yaro na tsohuwa ya mutu. Bom ya faɗi a gida nasu. Ko gawa ma ba su gani ba."

Na shiga ɗaki na yar da jaka, na yafa gyale, na fito. Wallahi na fito. Har na ɗora ƙafa a matakala ina jin kukan mata daga sama, sai maganata ta dawo mini a kunne, kalma bayan kalma: yanzu da abin ya zo kanku. Ƙafar ta ƙi ɗaguwa. Na ce da wane bakin zan yi mata ta'aziyya? Na san abin da ake faɗa, a cikin Musulmi na tashi, na je gaisuwar mutuwa ba adadi. Amma na ga "ya haƙuri" ta yi kaɗan ga wadda ta yi irin ɓarnar da na yi. Na ce ina bukatar magana ta musamman, wadda za ta wanke laifina, ta nuna mata yadda yaƙin nan ke cin raina ni ma, ta kuma sanyaya mata zuciya, duk a lokaci ɗaya. Sai na juya, na sauka ƙasa, na nufi coci.

Mu 'yan Katolika muna da addu'ar kwana tara da muke kira nobena. Mutum yakan ɗauki wata bukata ya riƙa kai ta gaban Allah kullum har kwana tara ba fashi. Mahaifina ya hore mu cewa in abu ya fi ƙarfinka ka ba shi kwana tara, kuma kada ka yanke komai sai ka kai ƙarshe. Ni kuma da kan ma'aikaciyar jinya na ɗauke ta kamar maganin da likita ya ce a shanye duka ko an ji sauƙi. A gaban siffar Uwarmu Maryamu na kunna kyandir, na durƙusa, na ce, "Uwa, ke ma an kashe miki ɗa. Ki roƙa mini Ubangiji ya sa magana a bakina. Ban san yadda zan faɗi abin da ke cikina ba." Na yi kuka sosai, na tashi ina jin na yi abin kirki.

Abin da ban tsaya na lissafa ba, ko kuma na ƙi lissafawa, shi ne zaman makokinsu kwana uku ne, sai addu'ar bakwai. Tara ta wuce su duka. Yaro ƙarami ma ya san wannan.

Kullum in na taso aiki sai in biya coci Mas ɗin yamma, wato ibadarmu, in zauna bayan an watse in ja rosari, carbinmu ke nan, sannan in buɗe wani ɗan littafi in rubuta abin da nake ganin an ba ni. Ranar farko na rubuta shafi guda, na karanta na ji kamar wa'azin mahaifina, na yage. Wata rana na rubuta mai kyau, sai na ga kalmar "amma" ta shigo har sau uku, wato ina neman gafara ina kare kaina. Wani kuma ya koma labarin kawuna gaba ɗaya, ɗan Inna bai samu ko layi biyu ba. Ina yagewa ina cewa lokaci bai yi ba, ai akwai sauran kwanaki.

Ranar uku aka ƙwanƙwasa mini ƙofa. Maƙwabciyar nan ce 'yar Gana da faranti a rufe, shinkafa da nama da dabino, sadakar uku. Ta ce, "Tsohuwa ya tambaye ka. Ya ce ko ba ka da lafiya ne." Na ce mata aiki ne ya yi yawa, ina nan tafe. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Aiki? Ni ma ina aiki, office uku nake cleaning." Ta juya ta tafi. Na sa farantin a firij, na kasa ci, na kuma kasa zubarwa.

Fadan cocinmu a lokacin wani tsohon Bature ne ɗan Ayalan, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana aikin mishan a arewacin Najeriya. Hausarsa ta littafi ce, a hankali yake jero ta, kuma "'yar katikis" yake kirana. Ranar shida yana kashe fitilu ya gan ni a durƙushe, ya zo ya zauna a bencin gabana yana nishi. Ya ce, "'Yar katikis, kwana shida kina cinye mini kyandir. Me ya faru?"

Na kwashe duka na gaya masa, har maganar da na yi. Ya saurara ido a rufe. Da na gama sai ya ce, "To, da kika je me ta ce?"

Na ce, "Fada, ban je ba tukuna. Nobena nake yi, Allah ya ba ni abin faɗa."

Ya buɗe ido. Ya ce, "Ba ki je ba? A ƙasarku na ga tsofaffi suna tafiyar yini guda a ƙafa, su zo su faɗi kalma biyu, su zauna a tabarma. A wurinku na koyi wannan. Yanzu ni ne zan koya miki?" Ya nuna siffar da nake durƙushe a gabanta ya ce, "Wannan da kike roƙo, ranar da ɗanta yake kan gicciye, wace magana kika ji ta yi? Tsayawa ta yi a wurin. Tashi ki tafi yanzu."

Na ce, "Saura kwana uku kawai, Fada. Ba a katse nobena."

Ya ce, "Wa ya ce ki katse? Ki je, ki dawo ki ci gaba. Ke ce ke ƙirga kwana, Ubangiji ba ya ƙirgawa."

Na ce to. Wannan "to" ɗin yana cikin ƙaryar da ta fi damuna a rayuwa, don a cikin coci na yi ta. Na fito ina ce wa kaina Bature ne, komai daɗewarsa a wurinmu bai san nauyin irin maganar da na yi ba. Na roƙi a nuna mini hanya, an aiko tsohuwa ta tambaye ni, an aiko Fada ya ce in tashi, duk na ce ba su ne amsar ba, don ni amsar da nake so ita ce wadda ba za ta sa in tsaya a kalle ni ba.

Ranar bakwai ba ni da aiki. Tun hantsi nake jin takun mutane a saman kaina, daga baya muryar maza ta tashi da karatu. Na zauna a kujera na ɗauko rosari, suna yi a sama ina yi a ƙasa, har ina faɗa wa kaina ai tare muke addu'a, siminti ne kawai a tsakani. Yanzu in na tuna wannan dabara sai in rasa ko dariya zan yi wa kaina ko tsaki.

Na cika kwana tara. Na samu shafi guda da na gamsu da shi, na haddace shi kamar karatun katikisma. Washegari na tuƙa tuwo, na kaɗa miyar kuka, na yafa gyale na hau. Ko minti ɗaya hawan bai ɗauke ni ba.

'Yar ce ta buɗe. Ta dube ni, ta dubi kwanon, ta ce, "Sista. Come in." Ta kauce ta ba ni hanya. Falon ya koma yadda yake, an naɗe dardumar baƙi an jingine a bango, ba kowa. Inna tana ɗaki a bakin gado, ta rame ta yi ƙanƙanta, lallen hannunta ya koɗe. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa da kyau, ta tambayi aiki, ta tambayi yara, irin gaisuwar da ake yi wa baƙo mai mutunci. Na ja numfashi na fara karatuna. Ban kai layi na uku ba ta ɗaga hannu.

Ta ce, "Bari, 'yata. Maganar ranar nan ce? Kafin ki kai ƙofa na yafe. Mai ciwo ce ta yi magana, na sani."

Shafin da na kwana tara ina gini ya rushe nan take.

Ta ce, "Ba ita ce ta dame ni ba. Mutane sun zo, Allah ya saka musu. Sun yi kuka, sun rungume ni, sun yi ta kiran sunansa. Ni kuwa ina zaune ido a bushe. Na ji wata tana cewa tsohuwar nan zuciyarta dutse ce. Wannan," ta nuna ƙofa inda 'yarta take, "har likita ta so kira mini, wai na gigice. Ba wanda ya gane. Ɗan fari ne. Ta yaya zan yi kukansa a gaban surukai da baƙi? Tunda na haife shi bakina bai taɓa kiran sunansa ba."

Ta gyara zama, ta ci gaba da murya ƙasa-ƙasa. "Na ce 'yata za ta zo, ita ta san wannan. Za ta kama hannuna ta kawo ni ɗakin nan ta rufe ƙofa, in kira shi sau ɗaya, in yi kukana da Hausa, da harshen da na yi masa rarrashi. Na hana kowa zama a gefen damana. Duk sanda ƙofa ta motsa sai in ɗaga kai. Ranar uku na ce ba ta da lafiya. Ranar bakwai na daina ɗaga kai."

Na ce, "Inna, ga ni. Mu rufe ƙofar yanzu."

Ta girgiza kai. Ta ce, "Kukan ya koma ciki. Na neme shi jiya ma, ban same shi ba."

A nan ne na yi abin da ya ƙara mini kunya, na shiga kare kaina. Ina kuka na ce, "Inna, wallahi ba mantawa na yi ba. Kwana tara ina coci ina addu'a, ina roƙon Allah ya ba ni abin da zan faɗa miki."

Ta daɗe tana kallona, babu fushi a fuskarta, da ma fushin ne da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Allah ya karɓa. Amma da kin zo kin yi addu'ar taki a nan, wa zai hana ki? Ga wuri. Ni ina jan nawa carbin, ke kina jan naki."

Ta sa aka zuba tuwon, ta ci loma biyu don kada in ji ba daɗi, ta ce miyar ta yi.

Daga ranar kullum sai na hau. Ta ci gaba da kirana 'yata, ta ci gaba da dafa gahawa, wani lokaci har ta taɓa gicciyen wuyana ta yi murmushi, amma tsokanar ba ta dawo ba. Sau biyu na gwada kawo zancensa, na tashi na rufe ƙofa, sai ta ce, "Allah ya riga ya yi ikonsa," ta tambaye ni ko an samu kuɓewa a kasuwa. Bayan wata huɗu aka samar mata hanya ta tafi Masar wurin matar ɗan da jikokinta. Ni na riƙe mata jaka har bakin mota. Takan turo mini saƙon murya lokacin Kirsimeti, ni kuma in tura mata da Sallah, gaisuwa ce da sa albarka. Na san sunan ɗan nata, 'yar ta gaya mini, ina sa shi a addu'a duk Lahadi. Amma daga bakin uwarsa ban taɓa jin sa ba, kuma ina jin ba wanda zai ji.

Na koma wurin Fada na furta zunubina, har da "to" ɗin da na yi masa. Bai yi mini faɗa ba, albarka kawai ya sa mini. Na san Allah ya yafe, Inna ma ta yafe. Sai dai yafiya ba ta mayar wa tsohuwar nan kukanta ba, kuma ni ce na sa ta haɗiye shi.

Ban daina nobena ba, ban kuma ga laifin addu'a ba. Laifin nawa ne, da na mai da ita maɓoya. Na ce ina neman yadda zan bayyana baƙin cikina game da yaƙi, alhali yaƙin ya riga ya shigo benenmu ya zauna a saman kaina, kuma ba jawabi yake bukata daga wurina ba. Kwana taran nan, in na faɗi gaskiya, kaina nake yi wa addu'a, don in fita kunya ba tare da na ji zafinta ba.

Abin da na koya shi ne, idan wani yana cikin makoki kusa da kai, ka je a ranar, ko da bakinka babu komai, ko da kai ne mai laifi. Ka yi addu'arka kana tafiya, ka ƙarasa ta kana zaune a gefensa. Magana tana iya jira, har shekara ma in an so. Kukan mutum kuwa yana da ranarsa, idan ta wuce bai samu wanda zai yi shi a gabansa ba, haka zai ci gaba da yawo da shi a ciki.